Daga Wunti zuwa Wikki: A Ina Keken Zai Tsaya?

A kan kuɗin mota gardamar ta fara. 'Yan majalisarmu da ke taruwa wajen mai shayi, ɗan nesa kaɗan da shataletalen Wunti, suka ce bana a Yankari za a yi yawon Sallah. Aka ɗauko takarda ana lissafin kujerun bas da abin da kowa zai bayar. Da aka zo kan abokinmu mai gyaran waya, wanda shan inna ta kama tun yana ƙarami, wanda kuma kekensa na hannu ya fi baburan yawancinmu sanin lungunan Bauchi, sai ya ce a dakata da sunansa tukuna. A fara gaya masa, in an isa can, a ina kekensa zai tsaya.

Aka yi tsit. Cikinmu akwai waɗanda suka je Yankari sau uku sau huɗu, suka yi wanka a Wikki, gwaggon biri ya ƙwace musu burodi, amma babu wanda ya taɓa lura ko ƙofar gidan tarihin da ke wurin tana da tudu, ko makewayi zai ɗauki keke. Mai ƙafa ba ya ƙirga matakala. Wani dattijo da ya yi aikin malamin daji har ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba, shi ya fara magana.

"Ɗana, ai daji ba a shimfiɗa masa kwalta. Haka Allah Ya yi shi."

"Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, ni ban ce a yi wa giwa kwalta ba. Amma gidan tarihin fa? Giwa ce ta gina shi ko birkila?"

Aka kwashe da dariya, mai shayi ya ƙara zagaye, amma maganar ta ƙi mutuwa. Mako guda ana tauna ta, kuma da na zauna na auna abin da kowane ɓangare ya kawo, sai na ga babu wanda ya yi maganar banza a cikinsu.

Ga wanda bai san wurin ba: Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma ya dawo hannun jihar Bauchi. Daga cikin gari mutum zai ɗauki hanyar Gombe har Dindima, ya karya zuwa babbar ƙofa da ke Mainamaji, sannan ya ƙara kimanin kilomita 40 a cikin dajin kafin ya isa sansanin Wikki. A nan masaukai suke, a nan kuma maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan take, wadda zafinta ke tsayawa a wajen digiri 31 rani da damina. A sansanin ne kuma aka yi ɗan gidan tarihi inda ake ajiye fatun namun daji da ƙahoni da haure da ƙasusuwa, tare da kayan farautar da aka ƙwace daga hannun masu satar shiga.

Dajin kansa ma gidan tarihi ne marar rufi. Akwai kogunan dutse 59 da mutanen dauri suka haƙa a jikin tsauni, waɗanda ake kira da sunan Marshall, mutumin da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 100, akwai kuma tsofaffin murahun narka ƙarfe a Shau Shau. Ko sunan Bauchi, yadda aka saba ba da labari, daga wani maharbi ne mai suna Baushe da Malam Yakubu ya tarar a wurin lokacin da zai kafa garin. Ke nan tarihin daji a wajen ɗan Bauchi tarihin gida ne. Tambayar ita ce ko gurgu da makaho da kurma suna cikin 'yan gidan.

Masu cewa a gyara, da doka suke farawa, kuma dokar tana bayansu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar da mai keke da makaho za su shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna bambanci, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta kuma hana jami'i amincewa da zanen ginin jama'a da ba a yi wa nakasassu tanadi a ciki ba. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Tun kafin wannan, a 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 30 ya ambaci gidajen tarihi da wuraren yawon buɗe ido da sunansu. Jihar Bauchi ma tana da tata hukumar ta nakasassu. Saboda haka, in ji su, ba alfarma ake roƙo ba, bashi ne da lokacin biyansa ya wuce.

Hujjarsu ta biyu yawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata nakasa mai nauyi, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. A Arewa ba ma buƙatar kowa ya karanta mana wannan daga takarda. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar an raba Nijeriya da ƙwayar shan inna ta daji, kuma yaran da ta kama kafin nan sun zama magidanta da matan aure, suna nan a Wunti da Jahun da Yelwa suna neman abincinsu. A ƙara da waɗanda haɗarin babur ya ajiye, da waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da tsofaffin da gwiwa ta ƙi, da mai juna biyu, da mai goyo. Wanda ya daɗe a duniya, wata rana matakala za ta zame masa dutse.

Akwai ta uku, wadda ni ta fi shiga raina. Ƙasar Hausa ba ta taɓa ɓoye nakasassunta a ɗaki ba. Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare sarautu ne da fada ta san da su. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma har yau da wuya a lissafa manyan marubuta waƙoƙin Hausa a tsallake shi. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman sani, wanda daga baya aka riƙa bar masa riƙon Madina. Abin da muka gaza a kai shi ne, mun tanadar wa nakasasshe wuri a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, inda ake miƙa sadaka, amma ba mu saba tunanin shi ma baƙo ne mai sayen tikiti ba. Abokinmu ya ce a wurare da yawa, kafin ya buɗe baki mai gadi ya riga ya ce masa "Allah Ya ba da haƙuri", alhali kuɗi ya zo kashewa.

To, Baba fa? Kada kowa ya ɗauka rashin tausayi ne ya sa shi ja da maganar. Mutum ne da ya kwana a daji shekaru masu yawa, kuma abin da ya gani ne yake faɗa.

Ya ce kuɗin gandun daji kamar bargon da bai kai ba ne, in ka rufe kai ƙafa ta fito. Yankari na ɗauke da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya, waɗanda ƙiyasin da aka fi ambata ke sa su tsakanin 100 da 150, da 'yan zakunan da ba su taka kara sun karya ba. Masu tsaron dajin suna sintiri a ƙasa kwana da kwanaki, suna arangama da mafarauta masu bindiga, kuma an sha kashe wasu daga cikinsu a bakin aiki. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga tallafa wa jihar wajen wannan sintiri, abin da ke nuna aljihun gwamnati kaɗai bai isa ba. Ga manoman ƙauyukan gefen daji da giwa ke shiga gonakinsu ta cinye wahalar shekara a dare ɗaya. Baba ya ce duk buhun simintin da aka saya, takalmin wani mai sintiri ne ko man motarsa. In giwa ta ƙare, me mai keken zai je gani? Gidan tarihin ma sai ya koma maƙabarta.

Ya ƙara da cewa ya san 'yan kwangila. Da zarar an ce "gyara don nakasassu", sai a ware miliyoyi, a zuba wata gangara mai tsayuwa kamar tsani, a shafa fenti, a kira 'yan jarida. A nan ko abokinmu sai da ya gyaɗa kai, domin shi ya fi kowa sanin irin waɗannan. Akwai bankunan da aka yi wa gangara mai kyau, kana hawa ka tarar da ƙofar tsaro mai kama da bututu wadda ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga, balle keke. Akwai gangarar da aka shimfiɗa wa tayil mai santsi, akwai wadda ta ƙare a bakin kwata. Gyaran da ba a yi shawara da mai keke ba, asarar kuɗi ce da aka yi da sunansa.

Hujjar Baba ta uku ita ce ta asali. Kogunan Marshall darajarsu ita ce suna nan yadda masu su suka bar su. In aka kai injin fasa dutse don a yi hanya, garin neman gira an rasa ido. Haka murahun Shau Shau, laka ce da ta daɗe, ko girgizar babbar mota na iya yi mata illa. Ya kawo misalin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin maginin nan Babban Gwani, ɗaya daga cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa: wa zai yarda a fasa zaurensa don a faɗaɗa ƙofa? Sannan ya rufe da abin da yawancinmu za mu faɗa da zuciya ɗaya. Mu ba Turawa ba ne da kowa ke ta kansa. In an isa matakala, ga samari huɗu, su ɗauke shi cak su sauke. Lada ma za su samu.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi rauni. Abokinmu ya ce duk wanda bai taɓa kasancewa a sama, a hannun mutum huɗu da ba su daidaita taku ba, a kan matakala mai jiƙe, ba zai gane ba. In ɗaya ya zame, ƙashin bayan wa zai karye? Kuma a bar maganar haɗari: magidanci mai 'ya'ya uku, a cicciɓe shi kamar buhun masara a gaban iyalinsa da baƙi masu ɗaukar hoto. Ya ce sau da yawa yakan ce ba ya sha'awar shiga wuri, alhali yana so, don kawai kada a ɗauke shi. Sai wani daga cikinmu ya yi tambayar da ta kashe bakin kowa: in mace ce fa, matar aure ko budurwa, su wa za su ɗauke ta? Al'adar da muke tinƙaho da ita, ita ce da kanta za ta hana. Taimakon juna abu ne mai kyau, a bar shi don ranar da gyara ya gaza. Ba a gina tsari a kansa.

Haka ma zancen da akan ji daga masu kula da wurare irin wannan, cewa nakasassu ba sa zuwa, don me za a kashe kuɗi. Ai wanda ya san in ya je zai ƙare a cikin mota yana gadin jakunkuna, ba zai biya kuɗin tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya ba. Kuma ba shi kaɗai ake rasawa ba. Makarantar da ke da ɗalibi ɗaya mai keke, ko dai ta bar shi a gida, ko ta fasa tafiyar. Iyalin da kakarsu ba ta iya hawa tudu sukan zaɓi wani wurin. Jihar da ke wa kanta kirari da yawon buɗe ido ya kamata ta iya wannan lissafin.

Sauran hujjojin Baba kuwa suna da nauyi, sai dai da na duba sai na ga kusan dukkansu a kan daji suke, tambayar abokinmu kuma a kan gini take. Ga wani abin da ba mu lura da shi ba sai da aka kwana biyu ana gardama: a Yankari ba a zuwa kallon giwa da ƙafa. Kowa a mota yake zaune, da jagora, ana bin gefen kogin Gaji. Da zarar mai keke ya samu yadda zai hau motar, ko da faffaɗan katako ne mai ƙarfi da wurin ɗaure keken, shi da mai tsere ɗaya suke. Ɓauna ba ta tambayar yadda ka zo. Ashe dajin da Allah Ya yi bai kai abin da hannun mutum ya gina wahalar shiga ba. Shingen yana a bakin ƙofa, da makewayi, da ɗakin kwana, da wurin cin abinci, kuma duk waɗannan aikin birkila ne.

Aikin nasa ma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, duk tudun santimita ɗaya a ba shi gangarar santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tudun santimita 45 ke nan, gangararsa mita biyar da rabi ba kaɗan. A sa ƙarfen riƙewa, a bar fuskar simintin da kaushi, ƙofa ta kai wajen santimita 90. Wannan ba kuɗin da zai hana sintiri ba ne. Abin da ke sa shi tsada shi ne a gama gini sannan a tuna, a dawo ana fasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da za a sake yi wa masaukan Wikki kwaskwarima, kuma an sha yi, ranar zanen ce ranar da ya kamata mai keke ya zauna a teburin.

Amma in aka tsaya a gangara an yi wa makafi da kurame ƙwauron rabo, kuma a nan ne nake ganin gidan tarihin daji ya fi kowane irin gidan tarihi sa'a. Gidajen tarihi an gina su ne a kan karin maganar nan ta gani ya kori ji: kaya a bayan gilashi, da takardar "kada a taɓa". Ga makaho, ɗakin da aka cika da gilashi daidai yake da ɗakin da babu komai. Masu adana kaya suna da dalilinsu. Maiƙon hannu yana lalata tsohuwar fata, a da akan yi amfani da guba wajen adana fatun dabbobi, haure kuma abin sata ne. Duk gaskiya ne. Sai dai kayan daji ba irin rawanin sarki ba ne da babu na biyunsa. Ƙahon gwanki da na kanki da na ɓauna, ɓawon maɗaci da na marke da na kirya, 'ya'yan kuka da kalwar ɗorawa da ƙwaryar kaɗanya, kashin maƙera irin na Shau Shau, tarkon da aka cire wa haƙora: tebur ɗaya ya isa a jera su don hannu. A zuba sawun giwa da na zaki da na dorina a siminti, yaro ya sa tafinsa a ciki ya ji bambanci. A ɗora kukan tsuntsaye da gurnanin zaki a ƙaramar na'ura. A Kirstenbosch, lambun itatuwan da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, akwai turbar da aka yi wa makafi da igiyar bi da allunan rubutun makafi. A Madrid ƙungiyar makafin Sifen ta buɗe gidan tarihi a 1992 wanda komai na cikinsa don a taɓa aka ajiye shi. Kuma na yi imani yaran firamare masu ido biyu su ne za su fi kowa cinkoso a wannan teburin.

Kurame kuwa, matsalarsu ita ce yawancin ilimin irin waɗannan wurare a bakin jagora yake. In ba ka ji shi ba, ka ga ƙashi ne kawai. Alluna da Hausa bayyananniya, da boko da ajami, za su yi rabin aikin, su kuma amfani dattijon da bai yi Turanci ba. Sauran rabin, kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa a shekarar 2000. Gajeren bidiyo da wani kurma ɗan Bauchi zai yi bayanin kayan da hannunsa, a sa a allo ko a tura wa baƙo a wayarsa, bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba.

Inda na tsaya na daɗe ban yanke ba shi ne ruwan Wikki kansa. Maɓuɓɓugar a ƙasa take, ana sauka gare ta ta doguwar matakala. A wannan ƙa'idar ta ɗaya bisa 12, a ce zurfin mita 10 ne, ana buƙatar gangarar mita 120, ban da wuraren hutawa. Wannan babban aiki ne a jikin gangaren da itatuwa suka riƙe, a saman ruwan da tsabtarsa ce jarinsa. A nan Baba yana da gaskiyar da ba a ture ta da kalmar haƙƙi kawai. Amma kuma ruwan ɗumi shi ne abin da mai shanyewar jiki ya fi kowa morewa, don a cikin ruwa nauyin jiki ke sauka. Girkawa sun sha irin wannan gardama a kan Akrofolis, tsaunin tarihin birnin Atina. Sun sa na'urar hawa saboda wasannin Olamfik na 2004, suka sake sabuwa a ƙarshen 2020 tare da shimfiɗa turbar siminti a saman tsaunin. Masu keke suka yi murna, masana kayan tarihi da dama suka ce an yi ɓarna, kuma har yau ba a gama sasantawa ba. Darasin da na ɗauka shi ne kada a yi gaggawa, kada kuma a fake da wahalar aikin a ƙi farawa. Ƙarfen riƙewa hagu da dama da bencin hutawa ba sa jiran kowa. Hanyar keke zuwa bakin ruwa kuwa, a kira injiniya da masanin muhalli da masu keken su duba tare, su faɗi abin da zai yiwu da kuɗinsa a fili. Alhazanmu sun ga yadda ake ɗawafi da sa'ayi a kan keke a Makka ba tare da darajar wurin ta ragu ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai misali a nan kusa da mu. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buɗe a 1979, ba shi da nisa da Wunti. Wanda ya zana shi ya sa ginin ya yi magana: ka bi ta cikin duhu, sannan ka fito haske, kuma masu yi wa baƙi bayani kan ce duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yancin kai. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma na sha tambayar kaina, makaho da ya zo ziyara, ta ina wannan saƙon zai isa gare shi in jagora bai iya zuba masa shi a kunne ba, bai kuma ɗora hannunsa a jikin bango ba? Babu mai cewa a rushe komai. Horar da jagora ɗaya ko biyu ya wadatar. Sau da yawa abin da ake kira gyara don nakasassu, mutum ne da aka koya wa ya tambayi baƙo "yaya kake so in taimaka?" kafin ya kama masa sanda ko ya tura masa keke.

Kogunan Marshall da murahun Shau Shau da rijiyoyin Dukkey, a nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari: a bar su yadda suke. Wanda mota za ta iya kai shi kusa, a kai shi. Wanda ba zai iya ba, a kawo masa su gidan tarihi, da ƙaramin samfurin laka da zai shafa, da hotuna manya, da bidiyo. Wannan ma wani dalili ne da ya sa gidan tarihin ya zama wurin farawa. Shi ne wakilin duk inda ƙafa ba ta kaiwa, kuma in shi ma ya gagara shiga, an rufe wa mutum ƙofa sau biyu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo: faɗin gaskiya tun kafin mutum ya taso. A rubuta a fili, a kuma sanar da mai ɗaukar waya, cewa ɗaki kaza keke na shiga, wuri kaza akwai matakala kaza, mota kaza ana iya hawa da keke, wuri kaza ba zai yiwu ba. Abokinmu bai nemi a yi masa alkawarin ko'ina ba. Cewa ya yi a gaya masa inda kekensa zai tsaya, shi ya san yadda zai yi da sauran, kamar yadda yake yi kullum tsakanin Wunti da gida.

Hukuncina ke nan. A kan daji da kayan tarihin da ke cikinsa, Baba ya yi gaskiya, kuma kuɗin sintiri kada a taɓa shi. A kan gidan tarihi da makewayi da masauki da motar kallo, mai gyaran waya ya yi gaskiya, wa'adin doka ma ya wuce tun Janairun 2024. Ruwan Wikki a zauna a kai da masana. Roƙona ga masu kula da Yankari da hukumar nakasassu ta jiha shi ne, kafin a ba kowa kwangila, a ɗauki mai keke ɗaya, da makaho ɗaya, da kurma ɗaya, cikinsu har da mace, a ba su tef ɗin awo da littafi, su bi tun daga ƙofar Mainamaji har bakin ruwa, abin da suka rubuta shi ya zama jerin aikin.

Baba ya ce zai kira wani tsohon abokin aikinsa ya auna mana faɗin ƙofofin kafin Sallah. Sunan abokinmu yana nan a takarda da fensir, ba a karɓi kuɗinsa ba tukuna.